A bar mana filin makaranta, ba ƙwallo ce ta kayar da yaranmu a WAEC ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, dan Allah ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana kan makarantar sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo da ke unguwarmu a gefen garin Jos. Ba zan kama sunanta ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba, kuma ma na san duk mai yaro a irin waɗannan makarantu na bayan gari, daga hanyar Bauchi har ka dangana da Bukuru, in ya karanta zai rantse tasu nake nufi.

Maganar da ake ta yi yanzu a unguwa ita ce wai a yanki gefen filin wasan makarantar, ɓangaren da ke kallon titi, a jera shaguna a ba da haya, kuɗin a riƙa biyan malaman da ƙungiyar iyaye da malamai, wato PTA, ta ɗauka da kanta. Masu wannan shawara ba mutanen banza ba ne, wasunsu ma sahu ɗaya muke sallah da su, kuma hujjarsu abin a saurara ce, wai tunda ba a wasa a filin, ya koma wurin kiwon awaki da koyon tuƙin mota da zubar da shara, ai gara a ci moriyarsa. To amma wa ya hana wasan? A taron iyaye fa aka hana. Shekarun baya da sakamakon WAEC ya fito ba daɗin ji, aka zauna aka ce ƙwallo ce ke ɗauke hankalin yara, aka soke lokacin wasanni na yamma, aka soke intahaus, wato gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai, ɗungurungum, aka maye gurbinsu da lesin har ƙarfe huɗu kuma kowane uba ya biya. Ni a ranar ban yarda ba amma an fi ni baki. Yanzu ga shi an kwana biyu, sakamakon nan yana nan inda yake, wata shekarar ma gara jiya da yau, sai kuma a ce tunda an kashe wasan bari a haɗa da filin ma. Haba jama'a.

Bari in gaya maka abin da ke kayar da yaranmu, don 'yata tana SS2 a can yanzu kuma yayanta a can ya gama, ba labari aka ba ni ba. Kowa ya san yaro ba zai ga ƙofar jami'a ba sai da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, wato daga C6 zuwa sama, su D7 da E8 sunan dai an ci ne amma ba inda za su kai ka. To malamin Lissafi na dindindin guda ɗaya ne tal ke zagaya SS1 zuwa SS3, bawan Allah yana ƙoƙari wallahi, amma aji ya cika maƙil, bencin mutum uku ka ga biyar a kai wasu kuma a bakin taga, ta ina zai duba littafin kowa? Fiziks kuwa sai wanda Allah ya kawo cikin masu bautar ƙasa, in an taki sa'a a samu haziƙi, yara su fara sabawa da shi, shekara ta zagayo ya tattara jakarsa ya koma garinsu, a zauna wata da watanni ba malami kafin a turo wani wanda wataƙila ma ba fannin da ya karanta ba kenan.

Wata rana na je kai kuɗin lesin ɗin sai na leƙa ɗakin da suke ce wa lab. Malamin Kemistiri na tsaye da dogon bututun gilashi ƙwaya ɗaya, irin wanda ake ɗiga ruwan asid da shi, yana ɗigawa a hankali cikin kwalba yana ce wa yara su lura da lokacin da launin ruwan zai juya. Yara sun yi masa zobe ana ta ɗage, na baya ba abin da suke gani sai ƙeyar na gaba. Da launin ya juya na gaba suka ɗau ihu, na baya kuma suka duƙa suka rubuta abin da aka ce musu an gani. Wannan yaron na baya shi za a miƙa wa bututun ranar firaktikal na WAEC a ce ya auna da kansa ya rubuta lamba, alhali tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa riƙe abin ba. Dan Allah ina laifin ƙwallo a nan?

Ga kuma kwamfuta. Tun 2015 JAMB ta koma kan kwamfuta kacokan, amma har gobe akwai ɗan SS3 a makarantarmu da bai taɓa ɗora hannu kan linzamin kwamfuta ba sai ana saura 'yan kwanaki jarrabawa uban ya biya masa a wani shago a nuna masa inda ake dannawa. A 2025 cikin mutum sama da miliyan 1.9 da suka zauna JAMB sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba, duk da dai daga baya hukumar ta amsa cewa an samu tangarɗar na'ura a Legas da jihohin kudu maso gabas, amma kai ma ka san ba duka ne laifin na'ura ba. Gwamnatin tarayya kuma ta ce WAEC da NECO ma kan kwamfuta za su koma, mu da ko wayar wuta ba a ja zuwa ajujuwa ba.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa a taron iyaye saboda kowa da guntun kashi a gindinsa. Da yaro ya shiga SS3, mai ɗan hali sai ya zare ɗansa a asirce ya kai shi wata makarantar kuɗi a lungu ko a ƙauye ya yi masa rajista, inda ake rubuta amsa a kan allo. Yaron da bai iya haɗa jimla biyu da Turanci ba sai ga shi da B3, ya shiga jami'a shekarar farko a koro shi. Waɗanda suka rage a makarantar gwamnati su ne 'ya'yan marasa ƙarfi, su zauna su rubuta da guminsu, in sun faɗi a ce makarantar ba ta da kyau. Su kuma makarantun kuɗin da ake gudu zuwa, akwai nagari ban musa ba, amma mu mutanen Jos ba mu manta da Yulin 2024 ba, da benen wata makarantar kuɗi ya rufta a Busa Buji ana tsaka da karatu aka rasa rayuka 22, akasari ɗalibai. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ya ba iyayensu haƙuri. Makarantar gwamnati ko ba komai tana da fili, tana da sarari, iska na shiga, kuma shi ne abin da muke shirin rabuwa da shi da hannunmu.

Lesin ɗin ma da aka kawo wa ke zama? Yaro ya bar gida tun bakwai na safe cikin sanyin Jos, wani ko koko bai sha ba, ya zauna har biyu, sannan a ce ya ƙara awa biyu a benci ɗaya da malamin da shi ma ya gaji tiɓis. Mata dai suna daurewa su zauna suna gyangyaɗi, maza kuwa ta ɓarakar katanga suke sulalewa. Ina suke zuwa? Gidan kallon ƙwallo, shagon cacar ƙwallo inda yaro ɗan shekara goma sha biyar ya haddace sunan kulob ɗin da ke rukuni na biyu a Turkiyya amma bai san jadawalin bakwai ba, wasu bakin ramin haƙar kuza don a samu na kashewa, wasu kuma Allah ya kiyaye hannun 'yan sara-suka da masu ƙwaya, wanda duk mazaunin Jos ta Arewa ya san ba tatsuniya ba ce. Wato ba a raba yaran da ƙwallo ba ko kaɗan, an dai raba su da wadda ake bugawa a gaban malami.

Ni makarantar gwamnati na yi, kuma abin da nake tunawa da malamin wasanninmu, Allah ya jiƙansa, ba usur ɗinsa ba ne, rajista ce. Ranar Laraba da yamma kafin a raba jesi sai ya aika a karɓo rajistar kowane aji ya zauna a kan dutse ya buɗe. In ka yi fashi a satin, ko malamin aji ya sa maka jan biro, to ko kai ne mai cin ƙwallon makaranta ranar ruwa za ka ɗebo wa 'yan wasa. Akwai wani golanmu, dogo, da karatu bai dame shi ba ko miskala zarratin, amma saboda kar a ajiye shi a benci ya riƙa zuwa makaranta da sassafe yana bin masu ƙoƙari su koya masa Lissafi, a haka ya lallaɓa ya samu takardarsa, yau ma'aikaci ne yana riƙe da iyalinsa. Ba bulala ta riƙe shi a aji ba, ba nasihar kowa ba, tsoron rasa raga ne. In intahaus ta matso kuwa makaranta gaba ɗaya sai ta ɗau harama, mu ke zuwa garejin makanikai mu roƙo baƙin mai mu zuba a gwangwanin da aka huda, a ja igiya a bi ta a zana layukan tsere, wasu na koyon maci da ganga, 'yan gidan ja da 'yan gidan kore ba sa ga maciji har a gama. Wanda ya zo na ɗaya a ba shi bokitin roba da littattafan rubutu, a zuba masa garin gulukos a tafin hannu ya lashe. Abin ba tsada amma ko ɗalibin da ya fi kowa fashi ba ya fashi a wannan zangon.

Kuma abin kunya ne a ce a Jos ake wannan gardama. Garin da kulob ɗin ƙwallo na Mighty Jets ta fito ta zama ta farko da ta ci lig na ƙasa a 1972, garin su marigayi ɗan ƙwallo Sam Garba da marigayi Ismaila Mabo wanda ya kai Super Falcons har kwata fainal a gasar kofin duniya ta mata a Amurka a 1999. Segun Odegbami a St. Murumba ya yi sakandare a nan Jos. Mikel Obi a nan aka haife shi ya taka wa Plateau United kafin ya je Chelsea ya ɗau kofin zakarun Turai a 2012, Ahmed Musa ɗan gida ne, ya buga wa kulob ɗin JUTH na nan Jos kafin ya je Kano Pillars, shi ne ya zura wa Ajantina biyu a 2014 ya sake zura wa Iceland biyu a 2018, ga Moses Simon, ga Plateau United da ta ɗau lig a 2017 gari ya ruɗe da murna. Duk waɗannan a kan jar ƙasa suka fara, a filayen makarantu da na unguwa irin wanda muke so mu mayar shagon caji da sayar da kati.

Amma kar a ɗauka ina cewa kowane yaro zai zama Ahmed Musa, a'a, wannan mafarkin ma shi ne ya fi ba ni tsoro. Yanzu kowane lungu akwai mai cewa yana da akadami, ya tara yara da safe lokacin da ya kamata suna aji, ya ce wa uba ya kawo kuɗin fasfo da biza za a kai ɗansa gwaji Turai, a sayar da fili ko keke napep a ba shi, daga nan lambarsa ta daina shiga. Ko kuma a rage wa yaro shekaru a takarda, ya je gwajin 'yan ƙasa da 17 na'urar duba ƙashi ta tona asiri, ya dawo ba ƙwallo ba takardar sakandare. Cikin yara masu yawa da ke wannan buri ƙalilan ne za su ci abinci da ƙafarsu, sauran fa? Shi ya sa nake son ƙwallon ta dawo cikin makaranta, inda in ƙafa ba ta kai yaro ba takarda za ta kai shi.

Sai maganar da ta fi komai nauyi a wurina, wadda baƙon Jos ba lallai ya gane ba. Tun rikicin 2001, aka zo aka yi na 2008 da na 2010, unguwanni suka rabu, Musulmi suka tattare gefe Kirista suka tattare gefe, har akwai yaran da suka tashi ba su taɓa shiga gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Makarantarmu tana kan iyaka ne, yara na zuwa daga ɓangarorin biyu, amma ko a aji za ka ga kowa ya nemi nasa ya zauna kusa da shi, ana tashi kuma kowa ya kama hanyarsa. Fili ne kaɗai wurin da dole ka miƙa wa wanda ke gabanka sandar gudu ba tare da ka tambayi sunan ubansa ba, dole ɗan baya ya amince da golansa. Ƙungiyoyi nawa ne suka zo garin nan suka kashe kuɗi a otal suna taron zaman lafiya, ƙarshe su ma gasar ƙwallo suke haɗa wa matasa? Mu muna da namu kyauta a cikin katanga.

'Yan mata ma a daina mantawa da su. Na san damuwar iyaye irina kan sutura, kuma damuwa ce mai tushe, amma ai ba dole sai da gajeren wando ake ƙwallon raga ko ƙwallon hannu ba, dogon wando da riga mai yalwa da ƙaramin hijabi sun wadatar, a ware musu ranarsu da malama mace shikenan. 'Yata tun tana firamare ba wanda ke kamo ta a gudu, yau ta kai SS2 ba wanda ya taɓa riƙe mata agogo. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200 daga teku, irin yanayin da ke taimakon masu dogon gudu kenan kamar yadda ake gani a Kenya da Habasha, shi ya sa sau da yawa in an yi tseren dogon zango a ƙasar nan aka ware 'yan gida za ka tarar 'yan Filato ne a gaba, musamman na wajen Pankshin. Gudu kuma ba ya buƙatar komai sai fili da mai ƙirga lokaci. Ga gasar ƙwallon kwando ta Milo da ake yi wa makarantun sakandare, ga wasannin matasa na ƙasa da aka daɗe ana yi a Ilorin kafin a koma Asaba, yaranmu ko labarinsu ba sa ji.

To kuɗin malaman PTA fa, in ji masu shaguna, kuma tambaya ce ta gaskiya don mutanen nan suna aiki wani watan a biya wani watan a ba su haƙuri. Amsata ita ce ɗaukar malamin Lissafi da na Fiziks aikin gwamnatin jiha ne, ba aikin mai sayar da tumatir a Farin Gada ba, kuma ga waɗanda suka gama kwalejin ilimi ta Gindiri da ta Pankshin da Jami'ar Jos suna zaune a gida da takardunsu har da waɗanda suka karanta fannin motsa jiki. Ƙarfin da za mu sa wajen neman izinin gina shago mu sa shi wajen yin tawaga mu je ma'aikatar ilimi da wurin ɗan majalisarmu, mu je mu sake komawa har su gaji da ganinmu. Kafin nan, kulob-kulob na unguwa da ke neman wurin tirenin Asabar da Lahadi su biya wani abu da rasit, tsofaffin ɗalibai da ke ta hira a guruf ɗin WhatsApp su ma a tuna musu hanya. Shago kuwa in an gina an gina kenan, ban taɓa ganin inda aka rushe shago aka mayar da fili ba, gobe wani shugaban zai zo ya ƙara layi na biyu, ga ƙarar janareto a kunnen masu jarrabawa, ga samari masu zaman banci a bakin ƙofar da 'yan mata ke wucewa, ga rigimar wa ke karɓar haya wadda ita kaɗai ta isa ta raba kan iyaye.

In an dawo da wasannin kuma a dawo da su da sharaɗi. Wanda bai cika kwanakin zuwa makaranta ba, ko ya faɗi gwajin aji, ba jesi. Kuma dan Allah ban da sojan haya, wannan ɗabi'ar ta ɗauko ƙaton da ya gama sakandare tuntuni a aske masa gemu a sa masa yunifom don a ci kofi, ita ta fara zubar da mutuncin gasar makarantu tun kafin a soke ta, yaron kirki ya yi tirenin wata guda ranar wasa a ajiye shi. Lesin kuma a rage shi zuwa kwana uku a ba 'yan SS3 fifiko, kwana biyu a bar yara su fita fili.

Akwai taron iyaye kafin ƙarshen wannan zango kuma a nan za a yanke maganar shagunan. Ina roƙon iyayen unguwarmu su fito, musamman iyaye mata da kullum ake barin su a gida sai dai su ji an yanke, da 'yan'uwanmu na ɗaya ɓangaren da su ma 'ya'yansu ke makarantar. Ni dai zan je kuma zan ɗaga hannu in ƙi, kuma na riga na yi magana da wani mai walda a layinmu ya ce in aka kawo ƙarfe zai haɗa mana turakun raga bai karɓi kuɗin aiki ba.

Na gode Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani uba daga gefen garin Jos